Kendrick, Tyler, The Cure ko Mdou Moctar: wanne ya cancanci datarka?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Yana karatu a Zariya, ya turo mini saƙo da tsakar dare: "Yaya, datata ta kusa ƙarewa, kuma Baba ba zai turo komai ba sai ƙarshen wata. Cikin sababbin kundayen nan da ake ta surutu a kansu, wanne zan sauke? Ɗaya tak." Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun sai da suka zama mako uku, domin da na zauna zan ba shi amsa sai na tarar ni ma ban da ita.

Kundaye huɗu na ɗora a sikeli, duk na 2024. Biyu na gambarar Amurka: GNX na Kendrick Lamar da Chromakopia na Tyler, the Creator. Biyu na kiɗan rok: Songs of a Lost World na ƙungiyar The Cure ta Ingila, da Funeral for Justice na Mdou Moctar, maƙwabcinmu na Nijar. Da na yi lissafi ma sai na ga ba data ce damuwar yaron ba. A matsakaicin inganci na 128 kbps, minti ɗaya na waƙa kusan megabait ɗaya yake ci, kuma huɗun nan gaba ɗaya ba su wuce minti 185 ba. Amma na riƙe sharaɗinsa, saboda abin da yake ƙaranci a wurin ɗalibi ba megabait ba ne, natsuwar da zai zauna ya ji kundi daga farko har ƙarshe ce.

Ban saurare su irin sauraron masu sharhin jaridun Turai ba, waɗanda ke da ɗaki na musamman da lasifikokin da kuɗinsu ya kai na babur. Na saurare su da abin da yawancinmu ke da shi: lasifikar waya, iyafis na kasuwa, da rediyon mota. Kuma kowanne na tambayi kaina: wanda Turancinsa na aji ne, ba na titin Los Angeles ba, me zai rage masa in an cire kalmomin? Waɗannan abubuwa biyu, abin da za ka ji da shi da kuma yawan abin da za ka fahimta, su suka raba mini gardamar, ba wai wane ya fi wane baiwa ba.

Mu fara da Kendrick, tunda shi ne a bakin kowa. GNX ya faɗo ranar Juma'a, 22 ga Nuwamba, 2024, ba sallama ba sanarwa. Waƙa 12 ne, minti 44. Sunan na wata baƙar mota ce ƙirar Buick ta 1987, shekarar da aka haife shi, wadda guda 547 kacal aka ƙera, kuma ita ce a jikin hoton kundin. Wanda bai bi abin da ya wakana a watannin baya ba zai ji kamar ya iso fili bayan an tashi dambe: ga ƙura, ga sowa, ga wani yana zagaya fili yana kirari da hannu a sama, amma bugun bai gan shi ba. Damben kuwa shi ne zambon da suka yi ta jifan juna da shi da mawaƙin gambara Drake daga Maris zuwa Mayu na wannan shekara, wanda ya ƙare da "Not Like Us". Ita wannan waƙar ba ta cikin kundin, kada ka sauke kana nemanta, amma inuwarta na kan kowace waƙa. Ta ci kyautar Grammy biyar a Fabrairun 2025, mako guda bayan haka Kendrick ya hau dandamalin Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, a New Orleans.

Kirari ne kundin, kuma kirari na mai gaskiyar bugu. Waƙar farko, "wacced out murals", ta buɗe da muryar wata mawaƙiyar Meziko, Deyra Barrera, tana rera wani abu mai kama da kuka da Sifaniyanci, sannan Kendrick ya shigo a hankali yana lissafa waɗanda suka ɓata masa rai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta sunayen masu bashi. Daga nan sai kiɗa ya ɓalle. "squabble up" da "tv off" an yi su ne domin mota, ba domin ɗaki ba: bugu mai faɗi, sarari tsakanin bugu da bugu, irin na yammacin Amurka da mai haɗa kiɗan nan Mustard ya ƙware a kai. A lasifikar waya rabin daɗin yana zubewa, domin ƙasan sautin ba ya fita. A mota kuwa sai ka ji ƙofa tana rawa.

A motar ne ma na sha kunya. Na ɗauko kawuna daga Kano za mu Zariya, muna wuce Kwanar Dangora na manta na bar kundin yana tafiya. Can Kendrick ya kurma wannan ihun nasa da ya karaɗe intanet, inda yake kiran sunan mai haɗa masa kiɗa. Kawu ya juyo ya dube ni.

"Kai, wannan faɗa yake yi da wani ko waƙa ce?"

"Waƙa ce, Kawu."

"To wanda ya taɓa shi ya ba shi haƙuri mana."

Na rage murya ina godiya ga Allah da Kawu ba ya jin irin wannan Turancin, domin ashar ɗin da ke ciki ba na gaban manya ba ne. Wannan gargaɗi ya hau kan kundayen gambarar duka biyu. Akwai bugun da aka tace ashar a manhajojin sauraro, ka neme shi in kana zaune da iyaye ko ƙanne.

Ba kirari kaɗai ba ne, in za a yi adalci. "luther", da ya yi da SZA a kan wata tsohuwar waƙar soyayya ta Luther Vandross da Cheryl Lynn, tana da sanyin da ko wanda ya tsani gambara zai bari ta ƙare. "heart pt. 6" labarin farkon tashinsa ne da abokansa a kamfanin Top Dawg, wanda ya bari kafin wannan kundi, kuma a nan ne ya fi kama da mutum maimakon gwarzo. "gloria" za ka ɗauka da mace yake, sai a ƙarshe ka gane da alƙalaminsa yake. Sai "reincarnated", inda ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya taɓa rayuwa a jikin wasu mawaƙa biyu, sannan ya shirya zance tsakaninsa da Ubangiji yana yin muryoyin biyu. Gwanintar ba a magana, amma Musulmi zai ji wani abu ya tokare shi, ni dai na ji. Raunin kundin a tsakiyarsa yake: ya gayyato matasan mawaƙan Los Angeles da yawa domin ya ɗaga su, abin a yaba, sai dai wasu baitocin nasu zancen unguwa ne da ba ya tsallake unguwar. Kuma kirari komai daɗinsa, in ya yi minti 44 yakan gundura.

Tyler wani mutum ne daban. Ya saki Chromakopia ranar Litinin, 28 ga Oktoba, 2024, ya saɓa wa al'adar sakin kundi ranar Juma'a, domin a ganinsa mutane sun fi sauraro da kunnen basira a hanyar aiki da makaranta, ba a hayaniyar ƙarshen mako ba. Waƙa 14, kusan minti 53, shi ya rubuta shi ya haɗa kiɗan da kansa. In Kendrick ɗan dambe ne a fili, Tyler yaro ne da ya girma ya dawo tsakar gida ya zauna gaban uwarsa. Muryar mahaifiyarsa ce ke ratsa kundin daga farko har ƙarshe, tana nasiha, tana faɗa, tana tsokana, shi kuma yana amsawa da waƙa. Ya haye shekara talatin, furfura ta fara leƙowa, abokai sun yi 'ya'ya, uwa na neman jika. Wanda ya taɓa zuwa gida hutun salla aka tare shi da "yaushe za mu sha biki?" ya san wannan kujera.

Waƙar da ta tsaya mini a rai ita ce "Like Him". Sunan Tyler na yanka Tyler Okonma, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, Ibo, kuma bai tashi da shi ba. A waƙoƙinsa na ƙuruciya ya sha zagin uban a kan ya gudu ya bar shi. A nan kuwa uwar ta fara da faɗa masa yadda yake kama da mutumin, tafiyarsa, tsayuwarsa, fuskarsa, shi kuma yana ta neman wanda bai taɓa sani ba a cikin madubi. A ƙarshen waƙar sai ta amsa cewa laifin nata ne, uban ya so ya kasance tare da ɗansa. Na tsayar da kiɗan a nan na yi shiru. Mu da muke da agola a kusan kowane gida, yaran da aure ya mutu aka tafi da su, suka tashi da labarin ɓangare ɗaya, ba ma buƙatar a fassara mana nauyin wannan magana. Amma ka lura: sai ka ji Turancin kafin ta same ka. In ba ka ji ba, waƙa ce mai taushi da fiyano, ta wuce.

Matsalar Chromakopia ke nan ga mai sauraro irin namu. Dukiyarsa a cikin zance take. "Hey Jane" hira ce tsakanin saurayi da budurwa a kan cikin da ba a shirya masa ba, Tyler yana yin bakin kowannensu, kiɗan kuma da gangan aka kwantar da shi don kada ya tare maganar. "Take Your Mask Off" tana bin mutane ɗaya-ɗaya tana cire musu rufin fuska, har ta zo kan mai waƙar. Waɗannan sai da iyafis, sai da kalmomin a buɗe a gabanka, sai ka maimaita. Akwai masu tashi, kamar "Sticky" mai bugun 'yan fareti da Lil Wayne da GloRilla da Sexyy Red a ciki, amma ita da "Judge Judy" batsarsu ta fi ta Kendrick nesa ba kusa ba. Wani abin da ya burge ni: "Noid", waƙar da yake kukan yadda shahara ta hana shi sakewa, an gina ta ne a kan jita da amshin Ngozi Family, wata ƙungiyar rok ta Zambiya ta shekarun 1970, kuma amshin da harshen Nyanja yake. Wato a tsakiyar kundin gambara na Kalifoniya, rok ɗin Afirka ne ke riƙe da ginshiƙi.

Tsakanin su biyun, ga yadda na raba. In a mota ko a ɗakin samari za ka ji, in kana son abin da zai kama ka tun a ji na farko, in kana son ka san abin da abokai ke magana a kai, GNX. In kai mai kwanciya da iyafis ne, Turancinka ya nuna, kuma kana da haƙurin ji na uku da na huɗu, Chromakopia zai daɗe tare da kai fiye da ɗan'uwansa. Ni bayan mako uku na daina komawa GNX gaba ɗayansa, sai waƙa huɗu nake tsinta. Na Tyler har yanzu daga farko nake kunna shi.

Yanzu rok. Na san da yawa daga cikinmu da an ce rok sai su tuna Turawa masu dogon gashi suna ihu kamar an taka musu ƙafa. The Cure ba haka suke ba, ko kusa. Ƙungiya ce daga garin Crawley a kudancin Ingila, tun ƙarshen shekarun 1970 suke, kuma Songs of a Lost World, da ya fito 1 ga Nuwamba, 2024, shi ne kundinsu na farko cikin shekara 16. Jagoransu Robert Smith yana da shekara 65 lokacin da ya fito. Waƙa takwas ne kawai a minti 49, ka ga kowace doguwa ce. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, abin da rabon su da shi tun 1992.

Zaman makoki ne aka mayar kiɗa. A shekarun da yake rubuta shi Smith ya rasa mahaifiya, ya rasa mahaifi, ya rasa yayansa, kuma "I Can Never Say Goodbye" a kan mutuwar yayan take. Komai a hankali yake tafiya. Waƙar farko, "Alone", sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin a ji murya. Ta ƙarshe, "Endsong", ta haura minti goma, kuma fiye da shida daga ciki ba a ce uffan ba. Ranar da na fara kunna shi a lasifikar waya ina wanke-wanken mota, na ɗauka saukewar ce ta lalace aka ba ni kiɗa babu waƙa. Na kashe. A waya wannan kundi gawa ne: nauyinsa duk yana kan jitar bes ta Simon Gallup da gangunan da ke faɗowa kamar ana sauke buhuna, kuma ƙaramar lasifika ba ta iya ɗaukar ko ɗaya.

Sai wani dare na hunturu aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit in ban da janareto ɗaya can nesa. Na shimfiɗa tabarma a waje, na ja bargo, na sa iyafis. A nan na gane dogayen gabatarwar nan ba jan rai ba ne. Irin shirun da ake yi ne in an shiga gidan rasuwa, a zauna, a sunkuyar da kai, kafin wani ya iya cewa "ya haƙuri". Shekara biyu ke nan da rasuwar wani aminina, Allah Ya jiƙansa, kuma ban san akwai sauran abin da ban gama da shi ba sai a daren nan. Muryar Smith ba ta tsufa ba, abin mamaki, tana nan siririya kamar ta saurayi, sai dai abin da take ɗauke da shi na tsoho ne. Turancinsa kuma mai sauƙi ne, gajerun kalmomi, a hankali, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba wahala.

Abu ɗaya zan faɗa wa mai niyyar sauke shi. Baƙin cikin da ke ciki babu dangana a ƙarshensa. Mu in mun yi kuka mukan rufe da cewa mai abu ya karɓi abinsa, muna sa ran haɗuwa. A nan babu wannan ƙofa, duhu ne har bango. Wani zai ji hakan gaskiya ce tsirara, wani zai ji ta yi masa nauyi. Ba kundin da zan miƙa wa yaro ɗan shekara ashirin mai jarrabawa a gaba ba ne. Ba don ya fi ƙarfinsa ba, sai don bai yi asarar da za ta buɗe masa shi ba tukuna, kuma ba na yi masa fatan ta.

Na bar Mdou Moctar a ƙarshe da gangan, domin a kansa na fi daɗewa. Sunansa Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa, Agadas kuma ita ce cibiyar kiɗansa, inda ya yi suna a gidajen biki. Bahago ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, katako da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan da waƙoƙin fina-finan Hausa suka saba da ita. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da katin memori, ya ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci waƙoƙin a wayoyin mutane ya fitar da su a kamfaninsa na Sahel Sounds. Yau yana ƙarƙashin Matador, ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin rok na New York, kuma jaridun can suna lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Mu da ke maƙwabtaka da shi kuwa, sai ka tambayi samari goma a Kano ba ka sami biyu da suka san sunan ba.

Funeral for Justice ya fito 3 ga Mayu, 2024. Waƙa tara, kusan minti 39, shi ne mafi gajarta a cikin huɗun. Su huɗu ne a ƙungiyar: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai kaɗa bes, wanda kuma shi ya haɗa kundin. Babu gabatarwa irin ta The Cure. Daga daƙiƙar farko jita ke faɗo maka a ka kamar ƙanƙara a kan kwano. Salonsu shi ne a kama zagaye ɗaya na kiɗa a yi ta juya shi, ganga tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, har sai ka ga ƙafarka ta gaji da bin ta, shi kuma Mdou yana yawo a sama da yatsu kamar ba shi ne ke riƙe da abin ba. "Imouhar" ta fi nuna wannan: ta fara can ƙasa-ƙasa kamar daga tsohuwar rediyo, ka kai hannu za ka ƙara murya, sai ta fashe.

Da Tamashek, harshen Abzinawa, yake waƙa, kuma ni ba na jin Tamashek. To ga abin da ya ba ni mamaki: a cikin huɗun, wannan ne kundin da rashin jin harshen bai rage mini komai ba. Kunnena ya riga ya san gidan. Bugun nan mai tafiya uku-uku kamar sukuwar raƙumi, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, tafi a inda ya kamata tafi ya faɗo, duk abubuwan da muka tashi da su ne, sai dai an sa musu wutar lantarki. Ko sunayen waƙoƙin ba baƙi ba ne: "Takoba" ai takobi ne. Abin da yake faɗa kuwa, da na bi fassarar, ba wasa ba ne. "Imouhar" kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. "Oh France" sunanta ya isa bayani, ga duk wanda ya san tun daga farkon shekarun 1970 an shafe gomman shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta kuma da shugabannin Afirka take. An gama ɗaukar kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da ya kifar da Mohamed Bazoum. Juyin ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can na wani lokaci. Kundin ya fito bayan sojojin Faransa sun riga sun fice daga ƙasar, sai ya zama kamar an rubuta shi da labarin gobe a hannu.

Yana da nasa aibin. Ba ya ba ka numfashi sosai, kuma a iyafis mai arha saman jitar yana tsira kunne, sai ka rage murya. Wanda ke son waƙa mai baiti da amshin da zai riƙa rerawa a wanka zai ce duk iri ɗaya ne. Amma a lasifikar waya, inda The Cure ya mutu, Kendrick ya rame, Tyler ya zama surutu, Mdou yana nan da ransa, saboda ƙarfinsa a tsakiya da saman sauti yake, daidai inda ƙaramar lasifika ta iya. Ban sani ba ko da niyya ne, amma mutumin da waya ta yi wa suna bai manta da waya ba. In kuma hayaniyar ta yi maka yawa, akwai Tears of Injustice da ya fito 28 ga Fabrairu, 2025: waƙoƙin nan ne dai aka sake ɗauka da jitar da ba ta lantarki ba, a lokacin da suka maƙale a Amurka. Wancan fushi ne, wannan kuma abin da ke saura bayan fushi ya huce. Har Kawu ya saurare shi bai nemi a ba kowa haƙuri ba.

Akwai biyu da ƙanena bai tambaya ba amma na san za a ce na tsallake. From Zero na Linkin Park, 15 ga Nuwamba, 2024, kundinsu na farko tun rasuwar Chester Bennington a 2017, da sabuwar mawaƙiya Emily Armstrong. Minti 32 ne, muryarta na da ƙarfi, kuma ga wanda ya tashi da haɗakarsu da Jay-Z ta 2004 zai ji kamar ya koma tsohuwar unguwa an yi mata sabon fenti. Daɗi na ɗan lokaci, ban koma ba. Sai Alligator Bites Never Heal na Doechii, 'yar Tampa a jihar Florida, wanda ya ci Grammy na kundin gambara a 2025. Ita kam a sa mata ido. Waƙa 19 sun yi yawa, amma a iya sarrafa harshe da sauya murya babu wanda ya fi ta a cikin waɗanda na ambata.

Amsar da na tura wa ƙanena ba ta da tsawo. Na ce: kai da wayarka ce lasifikarka, iyafis ɗinka kunne ɗaya ke aiki, ɗakinku mutum shida, sauke Funeral for Justice. In ka sayi iyafis na kirki ka dawo ga Tyler. Kendrick ba sai ka kashe data ba, zai same ka a kowane shagon aski. The Cure kuma ka bar shi a wurina, akwai ranarsa.

Kwana biyu shiru. A na uku ya rubuto: "Yaya, ka yi haƙuri, GNX na sauke. Amma na Nijar ɗin akwai wani ɗan Ƙonni a ɗakinmu, yana da shi har da tsofaffin, ya tura mini ta Xender."